Ƴar rediyon sola mai Littafi Mai Tsarki da na saya wa Inna

Jama'a, in kuna da tsohuwa a gida wadda ba ta iya karatu ba, wannan ƴar rediyon ta yi. A Sabon Gari na saye ta, tana da memori mai Littafi Mai Tsarki da Hausa tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, a rana ake cajinta, mu nan ƙauyenmu wajen Sumaila ina muka ga wuta.

Bayan rasuwar ƙanena bara Inna ta daina zuwa coci, wasu ma suna ta raɗe-raɗin wai akwai laifin da gidanmu ya yi. Sai na kunna mata littafin Ayuba, sura 42 ne, ta saurara duka cikin kwana uku tana sussukar gero, da aka zo inda abokansa suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan sai ta ce in mayar baya. Da Elifaz, ɗaya daga cikin abokan, ya fara cewa ai zunubi ne ya jawo, ta ce "ɗan nan, waɗannan ai maƙwabtanmu ne." Kuma a ƙarshe Allah da kansa ya ce abokan ba su faɗi daidai a kan shi Allah ba. Ayuba bai samu dalilin wahalarsa ba ko a sura 38 da Ubangiji ya amsa daga guguwa, amma ni dai na ga Inna ta samu natsuwa.

Matsalar rediyon madannan ƙanana ne, neman sura sai da wahala, kuma in hadari ya rufe rana da damina caji baya kai dare. Murya dai tana fita tar. Lahadin nan Inna ta tafi coci da rediyon a cikin jaka.