An Gayyace Ka Biki a Ƙasar Waje: Wane Tikiti, Wane Masauki?

Ango da amarya sun zaɓi Dubai, ko Zanzibar, ko wani tsibiri a Girka, kuma sunanka na cikin waɗanda aka gayyata. Wannan tafiya ta sha bamban da yawon buɗe ido, domin ranar biki ba ta gusawa. Ɗan yawon shaƙatawa idan jirgi ya ɓata masa lokaci, kwana ɗaya ya yi asara. Ɗan biki kuwa dalilin tafiyar ne ɗungurungum ya wuce shi. Da wannan ma'auni ya kamata ka auna duk abin da za ka biya.

Biza ce kan gaba. Idan a Italiya, Faransa, Girka ko wata ƙasar yankin Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza guda) za a yi, ana karɓar takardu tun saura wata 6 a tafi, kuɗin babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar barin yankin, wasu ƙasashen kuma, irin su Daular Larabawa, wata 6 suke nema. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba.

A tikiti, gaskiyar zaɓin tsakanin abu biyu ne: tikiti guda da ya haɗa duk zangunan tafiyar, ko tikiti daban-daban da mutum ya harhaɗa da kansa saboda rahusa. Na biyun yakan fi arha, amma idan jirgin farko ya makara ka rasa na gaba, babu ruwan kamfanin. Sabon tikiti za ka yanka a farashin ranar. A tikiti guda kuwa alhakin kai ka yana wuyansu, kuma galibi kayanka za su wuce kai tsaye. Gaskiya ne cewa dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba da diyyar Yuro 250 zuwa 600 idan an isa da jinkirin awa 3 ko fiye bisa laifin kamfani, to amma wace diyya ce za ta maido maka da ɗaurin auren da aka riga aka shafa? A ganina, kuɗin kwana biyu na ƙarin masauki kafin biki ya fi duk wani tikiti mai tsada amfani. Kayan da za ka sa ranar kuwa su shiga jakar hannu. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe ta ba ka kwana 21 ka kai ƙorafi kan jakar da ta makara, bikin kuma jibi ne.

Masauki ne inda mutane suka fi ruɗewa. Sau da yawa masu biki kan kama rukunin ɗakuna a otal ɗin da za a yi taron, da wa'adin biya, galibi kamar wata guda kafin ranar. Amfaninsa a fili yake: motar biki a nan take ɗaukar mutane, an tashi da tsakar dare ɗakinka na kusa, wanda ke da yara ko tsofaffi kuma ya huta. Sai dai kada kalmar "farashin biki" ta rufe maka ido. Duba farashin otal ɗin a intanet, domin akwai lokacin da ɗakin ya fi sauƙi a can.

Hayar gida ta manhajar Airbnb ko ƙaramin otal a gefe tana biyan buƙata idan ku huɗu ne ko biyar za ku raba kuɗin, kuma garin na da sufuri mai kyau, kamar Istanbul. A wasu wuraren kuwa arha ba ta ado. A tsibirin Santorini na Girka tasi ƙalilan ne, hanyoyin kuma matakala ne bisa tsauni. Gidan da taswira ta nuna kusa yana iya zama hawan rabin awa cikin kayan kwalliya. A Kankun ta Meziko da Punta Kana ta Jamhuriyar Dominikan, inda otal-otal ke haɗa ɗaki da abinci a kuɗi ɗaya, wanda bai sauka a ciki ba sai ya sayi izinin shiga na yini kafin ya halarci bikin, wasu otal ɗin ma sharaɗinsu shi ne mafi yawan baƙi su kwana a wurinsu. Tambayi masu bikin tun da wuri, kada tattalinka ya jawo musu ƙarin kuɗi.

Saura inshora, kuma iri-iri ce. Wadda ake nema don bizar Shengen ta lafiya ce, mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000. Ba ruwanta da tikitinka. Zanzibar tana da tata ta dole, Dala 44, tun Oktoban 2024. Inshorar fasa tafiya ita ce ke biya idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ka tashi. Abin da ba a son faɗa shi ne aure kan fasu, kuma yawancin inshora ba ta lissafa wannan a matsayin dalili. Sai nau'in da ke yarda ka fasa bisa kowane dalili, wanda ya fi tsada, yake mayar da kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari kawai, kuma ana sayensa ne cikin makonnin farko bayan biyan kuɗin tafiya. Idan bikin a yankin Karebiyan ne tsakanin 1 ga Yuni da 30 ga Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa ke nan, ka sayi inshorar ranar da ka yanki tikiti, domin da zarar an raɗa wa guguwa suna, sabuwar inshora ba ta ɗaukar ɓarnarta.