Gyaran tsohon soro: siminti da silin zamani, ko yaɓe da daurin guga?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da soron da ya gada daga mahaifinsa a cikin birnin Zariya, ginin ƙasa mai daurin guga, wato rufin tulluwa da ke zaune a kan baka, lanƙwasasshen ginin da ke tashi daga bango, wanda yake so ya mayar falon baƙi. Wani magini ya ba shi shawarar a yi wa bangon filasta da siminti, a shimfiɗa tayil, a rufe sama da silin fi'ofi, wato farin silin nan mai ado da ake yayi, wani dattijo kuma ya ce a sabunta yaɓe kawai a bar ɗakin yadda yake. Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Amsar ba za ta zama ɗaya ga dukan ɗakin ba, domin bango da rufi da daɓe kowanne da halinsa, kuma akwai inda maginin ya fi dattijon gaskiya.

Bango ne ya fi cancantar dogon bayani, saboda a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Filastar siminti tana da amfanin da ba a musunsa: ba ta zubar da ƙura, ana iya goge ta idan yara sun ɓata, tana karɓar kowane irin fenti, kuma a kowace unguwa akwai wanda ya iya ta. Amma duk wannan a kan bulo ne. Bangon tubali yana tsotsar danshi daga ƙasa da damina, ya kuma fitar da shi ta fuskarsa idan iska ta bushe, kuma wannan shaƙa da fitarwa ita ce take riƙe da shi tsawon shekaru. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ya zama kamar mutumin da aka sa wa rigar leda a tsakiyar bazara, gumin yana ciki kuma ba shi da mafita. Ƙasar da ke bayan filastar sai ta yi laushi, ga shi kuma siminti ba ya kumbura ya motse tare da ita, saboda haka a hankali sai su rabu. Ka je gidan da aka yi wa irin wannan aiki shekaru kaɗan da suka wuce, ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daga gindi zuwa sama, za ka ji inda sautin ya koma na holoƙo. A cikin wannan ratar gara take yin hanyarta ba tare da an gani ba, ranar da filastar za ta faɗo kuma ba ita kaɗai take faɗowa ba, tana ɓalle wani sashe na tubalin. Wasu magina suna kafa ƙusoshi ko ragar waya don su riƙe simintin, hakan yana jinkirta rabuwar, amma ƙarfen yana tsatsa a cikin danshi.

Yaɓen ƙasa kuwa jininsu ɗaya da bangon. Ana tankaɗe jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawar ramno, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa kafin a shafa, idan ya tsage kuma a jiƙa wurin a cike da irin kwaɓin, ba sai an fasa komai ba. Aibinsa a bayyane yake: yana son a riƙa waiwayarsa, yana goguwa a jikin riga idan ba a yi masa shafe ba, kuma masu hannun da za su fitar da shi sumul sun yi ƙaranci. A ganina a nan dattijon ne da gaskiya, sai dai ba lallai ne ɗakin ya zauna da duhun da aka san tsofaffin soraye da shi ba. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙarfafa yaɓe tana korar ruwa, amma launinta mai duhu ne, don haka ya fi kyau a tsayar da ita daga gindin bango zuwa kamar gwiwa, inda ƙafa da tsintsiya suke taɓawa, daga nan zuwa sama a shafa farar ƙasa. Fentin mai shi ne abin gudu, domin illarsa irin ta siminti ce, yana toshe fuskar bangon, daga baya ya kumbura ya riƙa saɓulewa.

Idan akwai zane a bakin ƙofa ko a jikin baka, dagi ko wani, kada a bari a kankare shi don a samu bango miƙaƙƙe. Akwai masu bin kowane layi da ja da kore da ruwan ɗorawa, irin na fuskar fada, wanda yake da kyau a waje inda ake hangensa daga nesa cikin hasken rana, amma a cikin ɗaki ƙarami yana cika ido. Barinsa fari a kan fari, sannan a haska shi da ƙaramin ƙwan lantarki daga gefe yadda inuwa za ta fito da tudu da kwarin zanen, ya fi nuna gwanintar wanda ya yi shi.

A kan rufi ba ni da wata tantama. Silin fi'ofi an yi shi ne don gidan bulo mai rufin kwano, inda yake ɓoye katako da wayoyi, yake kuma tare zafin da kwano ke saukarwa. Soro ba shi da waɗannan matsalolin, domin kaurin ƙasar da ke samansa ya riga ya tare rana, tsawon tulluwar kuma yana ba iska mai zafi wurin hawa sama da kan mazauna. Azara, wadda ake faskarawa daga giginya, ba ta iya tsallake fiye da kusan mita 2 ita kaɗai ba tare da ta lanƙwasa ba, shi ya sa tsofaffin magina suka ƙirƙiro dabarar ɗora ta hawa-hawa a cikin ƙasa har baka ta haɗu da baka a tsakiya. Irin wannan aikin ne Babban Gwani Mikaila ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma har yanzu masu nazarin gine-gine suna zuwa kallonsa. Wanda yake da ƙaramin irinsa a gidansa, in ya rufe shi da sili, ya rage tsawon ɗakin, ya ɓoye abu mafi daraja a cikinsa, sannan ya hana kansa ganin yoyo tun yana ɗan tabo, sai azarar ta ruɓe kafin a farga. Idan akwai tasa da aka manna a mahaɗar bakunan, kamar yadda ake yi a da, a goge ta kawai. Zamanin da rufin yake buƙata daga waje ne: a da ana shafe shi da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, yanzu kuwa da yawa suna ɗora kwano a samansa da 'yar rata a tsakani, kuma wannan dabara ce mai kyau muddin ruwan kwanon bai zuba a jikin bango ba.

A daɓe ne maginin yake da hujja. Daɓen gargajiya, wanda mata suke bugun marmara da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba har ya yi sheƙi, yana da sanyi da daɗin takawa, amma ƙafar kujera tana tona shi, kuma da wuya yanzu a tara masu yinsa. Tayil yana wankuwa, yana jure zirga-zirgar baƙi. Matsalarsa ita ce idan ya rufe ƙasa ruf, danshin da ya rasa hanya yana komawa gindin bango. Jan bulo gasasshe da aka jera a kan yashi ya fi dacewa da irin wannan ɗaki, domin yana da ƙarfi kuma danshi yana ratsa shi. Idan tayil ɗin ake so dole, a zaɓi marar ƙyalli mai launin ƙasa, a kuma tabbata ruwa ba ya kwanciya a bayan ɗakin. Ledar ɗaki a kan daɓe tana tara gumi da fumfuna a ƙarƙashinta, kafet mai cika ɗaki kuma rumbun ƙurar hunturu ne, darduma da za a iya fitarwa a kakkaɓe ta fi su.

Wuta da kayan ɗaki su ne inda zamani zai shigo da ƙafar dama, saboda duk abubuwa ne da ake iya cirewa gobe ba tare da an taɓa ginin ba. Kada mai wayarin ya fafe bango, ya bi da wayoyin cikin siririn bututu ta kusurwa, a shafe bututun da launin bangon. Kada a rataya fanka a jikin baka, domin girgizarta tana sassauta ƙasar da ke riƙe da azara, fankar tsaye ta wadatar. Idan za a sa na'urar sanyaya ɗaki, a ja bututun ruwanta nesa da ginin. Talabijin kuma a ɗora shi a kan gajeren kabad, ƙusa a bangon ƙasa ba ta riƙe nauyi. Alkukin da ake ajiye fitilar aci-balbal a da, a sa masa ƙaramin ƙwai mai haske ruwan zuma, farin haske mai kaifi ba ya karɓar jikin ƙasa.

Manyan kujerun kushin da ake sayarwa saiti guda an auna su ne da falon bulo, idan suka shiga soro sai su cinye filin su tare bakunan daga ƙasa. Gajeren mazauni da ya bi jikin bango, da tumtum na fata, sun fi barin ɗakin ya sarara, amma a ajiye kujera ɗaya ko biyu masu tsawo saboda dattawan da gwiwa take damu, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin kowane kaya da bango don iska ta wuce. Idan akwai jeren mahaifiya, tasoshi da kumbuna da fayafai, ba sai an cusa su duka cikin shogilas ba, 'yan kaɗan da aka zaɓa aka ba kowanne fili sun fi fitowa. Labule na saƙi ko na rinin Ƙofar Mata yana hawa da farin bango ƙwarai, sai dai a wanke shi kafin a rataya, domin sabon shuni yana zuba.

Ta fuskar kuɗi, hanyar siminti tana cin da yawa a tashi ɗaya, ta yaɓe tana cin kaɗan-kaɗan amma kusan kowace shekara, kuma wanda ba ya zaune a garin ya kamata ya san wa zai riƙa duba masa ɗakin kafin ya zaɓi ta biyun. Kowacce ka ɗauka, Malam, ka jira damina ta ɗauke bangon ya bushe, ka fara daga sama da waje, wato indararo da gindin bango, kafin a shiga ciki. Ka nemi tsohon magini ta hannun mai unguwa ko gidan Sarkin Magina, ya hau ya duba lafiyar azarar tun kafin ka sayi buhun komai.