Gargaɗi ga masu kiwon tantabaru a Kaduna: a kula da mai yawo da "allurar salmonela"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani mutum da ke zagaya gidajen masu tantabaru a Rigasa da Tudun Wada, an kuma ganshi wajen Kawo, da 'yar jaka a kafaɗa, yana cewa ya kawo rigakafin salmonela daga Beljiyam. Kuɗinsa a kan kowane tsuntsu yake caja. Wani lokacin ma sai ya turo hoton kwalba ta WhatsApp ya ce a tura kafin alƙalami, daga nan wayarsa a kashe.

Cutar dai gaskiya ce. Ita ce ke sa koren kashi mai ruwa, tsuntsu ya rame, gaɓar fiffike ko ta ƙafa ta kumbura, ƙwai ya zama baragurbi, 'yan shila su mutu a gurbi. Ɓeraye da kashin da ya faɗa cikin abinci ke yaɗa ta. Wannan tsoron yake ci da shi.

Amma ku dubi kayansa. Rigakafi ana ajiye shi ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, shi kuwa daga aljihu yake zaro kwalbar, a wannan rana ta Kaduna, ba kula ba ƙanƙara. Babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Kuma wai har tsuntsun da ya kwanta allurar na tayarwa! Malam, lafiyayye ake yi wa rigakafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sirinji ɗaya yake bi da shi gida-gida, wato ka biya kuɗi a kawo maka cutar maƙwabci har ɗaki.

In an matsa masa sai ya ce ai na Vom ne, wato cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke jihar Filato. Rigakafin taifot na kaji da aka sani domin Salmonella Gallinarum aka yi shi, ta tantabaru kuwa galibi wani nau'in salmonela ce daban mai suna Typhimurium. Murɗewar wuya da yake tsorata mutane da ita ma, sau da yawa ƙwayar cutar da ke dangi da ta Nukasil, cutar kaji, ce ke kawo ta.

Wanda tsuntsayensa ke mutuwa ya kai kashi ko gawa wurin likitan dabbobi, ko asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, a gwada tukuna. Wanda mutumin ya riga ya karɓe wa kuɗi ya adana shaidar turawa ya kai wa 'yan sanda. Don Allah a tura wa sauran abokan kiwo.