Zaɓen tocilar aikin dare: abin da mai saye zai duba a Kaduna

Duk wanda yake sintiri a Rigasa ko Mando, ko yake kwana a gona a yankin Igabi lokacin girbi, ya san cewa tocilar da ake haska ɗaki da ita idan an ɗauke wuta ba za ta jure aikin daji ba. Idan mutum ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi neman mai ƙwari, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne adadin lumen da ke jikin kwali, wato ma'aunin yawan haske, kuma a nan ake ruɗar masu saye. Tocilar da ke shiga aljihu ba ta fitar da lumen 100,000 da ake bugawa a wasu kwalaye. Mai lumen 1,000 na gaskiya ta wadatar, ita ma takan rage haske da kanta bayan 'yan mintoci saboda zafi, don haka tambayar da ta dace ita ce awa nawa take yi a matsakaicin haske.

A ganina batir ne ke raba gardama. Mai amfani da batirin AA tana da sauƙin sha'ani, domin ko a shagon ƙauye za a samu na sayarwa, sai dai haskenta bai kai ba, kuma kuɗin batir yakan taru. Wadda aka rufe batirinta a ciki ta fi araha, amma ranar da batirin ya mutu ita ma ta mutu. Na fi karkata ga mai batirin 18650 da ake cirewa, wato batir mai caji da ya fi AA girma, musamman idan ana cajinta da wayar USB-C, saboda mutum zai iya riƙe na biyu a aljihu ya sauya cikin dare. A kula da jabu: ingantaccen 18650 bai cika wuce mAh 3,500 ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), wanda aka rubuta wa 9,900 kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Sai batun ƙurar hunturu da ruwan damina. Alamar IP68 tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma tocilar tana jure nutsewa a ruwa. Masu kan da ake ja gaba da baya don faɗaɗa haske suna burge mutum a shago, amma ta wannan gaɓar ƙura da laima suke shiga, shi ya sa mai kafaffen kai da jikin alminiyom ta fi ƙarko.

Tocilolin kamfanonin Fenix da Nitecore suna da tsada, na Convoy da Sofirn sun fi sauƙin kuɗi kuma suna aiki. Kafin a biya, a kwance murfin baya a duba ko akwai zoben roba, a danna makunnin da ke gindinta da babban yatsa, sannan a girgiza ta tana kunne. Idan hasken ya yi rawa, a ajiye ta a nemi wata.