GAC GS3: mota ce mai kyau, amma bakanike bai san ta ba

Na fara shiga GAC GS3 ne a Legas, cikin motocin haya na LagRide da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a shekarar 2022. Ƙaramar jif ce mai ɗaukar mutum biyar, kuma a tafiyar da muka yi daga Ikeja zuwa Lekki ban samu abin kushewa ba. Kujerun ba su gajiyar da mutum, sanyin kwandishan bai ragu ba duk da cunkoson da ya tsayar da mu a kan gada, sannan tana da tsayin da zai hana cikinta gugar ƙasa a lalatacciyar hanya.

Kamfanin GAC da ke ƙera ta ma ba baƙo ba ne a sana'ar. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin yake, yana ƙera motoci tare da Honda tun 1998, tare da Toyota tun 2004, kuma CIG Motors ne wakilinsa a Najeriya.

Duk da haka, idan mutum ya dawo Kano ko Kaduna ya ce ita zai saya, da wuya ya samu mai ƙarfafa masa gwiwa. A wajenmu, kafin a biya kuɗin mota bakanike ake fara tuntuɓa, shi kuwa abin da hannunsa ya saba da shi yake yabawa. Ya kwance injin Corolla sau da yawa har ya san ciwonta daga jin ƙara, amma wadda bai taɓa buɗewa ba, abin da zai ce shi ne a yi hattara.

Babbar matsalar ita ce kayan gyara. Yawancin abin da ke jibge a kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna na hannu ne, an ciro su daga motocin da suka gama aiki a Turai da Amurka da Japan. Wanda ya fasa fitilar Camry da safe zai iya ɗaura wata kafin azahar, ya kuma zaɓi farashin da ya dace da aljihunsa. GAC ba ta da irin wannan tarin tsofaffin motoci a waɗancan ƙasashe, saboda haka mai ita sai ya dogara da wakilin kamfani, ya sayi sabo. Garanti yana rage wannan fargaba, sai dai wa'adi gare shi, mota kuwa ana so ta shekara goma.

Akwai kuma batun sayarwa. Mutane da yawa ajiya suke ɗaukar mota, wadda za a kai wa dillali idan biki ko kuɗin makaranta ya taso. Toyota ba ta kwana a hannun dillali. Wadda ba a sani ba kuwa, ko an taya, tayin wulaƙanci ne.

Ban yarda cewa kasancewarta 'yar Sin ne ya hana ta kasuwa ba, domin babur ɗin Jincheng ma daga can yake, kuma har a ƙauye akwai mai gyaransa da mai sayar da kayansa. Ga ma'aikata ko kamfanin da ke kusa da garejin wakili, GS3 ta cancanci a duba ta. Wanda ke zaune a Gusau ko Damaturu kuwa, zan ba shi shawara ya fara tambayar inda zai samu gilashin gaba da shokazoba, da kwana nawa za su yi kafin su iso.