Karen gida ko Alsashiyan: wanne ya dace da garken awaki?

Malam, ka ce ɓarayin awaki sun hana ku barci a ƙauyenku na wajen Ringim, kana son ajiye kare, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin namu na gida da irin na Turawa da kake gani a bidiyo ana zagayawa da shi da igiya a wuraren shaƙatawa. To, bari mu jera su.

Yawon nan da ya burge ka larura ce ta kawo shi. Karen da ake zagayawa da shi a Hyde Park na Landan a ɗaki yake kwana, sau da yawa a saman bene, ba shi da filin miƙe ƙafa. Dole mai shi ya fito da shi safe da yamma, da leda a aljihu ta kwashe kashi, in ya bari a hanya tara ce. Tun 2016 ma doka a Ingila ta wajabta a dasa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Namu kuwa shi ke yi maka rakiya. Muna yara akwai wani jan kare a gidanmu, in aka ɗaura wa shanu amalanke za a kai taki gona, sai ya shige ƙarƙashi tsakanin tayoyin biyu, yana tafiya cikin inuwa, harshe a waje. Da an iso gindin kuka zai yi wuf ya bi kurege, ya dawo da ƙarangiya a kunnuwa, mu zauna muna cire masa yana lumshe ido. Ba igiya, ba a kuma taɓa kiransa sau biyu ba.

Alsashiyan, wanda ake kira German Shepherd, a Jamus aka fitar da irinsa a 1899 domin kiwon tumaki. Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, gashinsa rufi biyu ne saboda sanyin can. Ka ɗauko wannan ka ajiye a Jigawa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ga ai sai rumfa da ruwa ba yankewa. Kaska na ɓuya cikin gashin, ciwon da take sa masa kuma yakan kwantar da shi da wuri. Ga ci: ba zai yi ƙiba da ƙanzo da ragowar tuwo ba, sai da nama ko abincin buhu, likitansa kuma sai ka shiga Dutse ko Kano. Gaskiya kam, wajen ɗaukar horo ya fi namu, haushinsa kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya sake shawara.

Namu bai cika wuce kilo 20 ba, gashinsa gajere, ya saba da rana da ƙaya. Da ɗan gari akan ci gari. Aibinsa yawo: in karya ta yi zafi a wata unguwa sai ya kwana uku ba ka gan shi ba, kuma ɓarawo na iya jefa masa nama mai guba ya haɗiye. In an bar shi da yunwa, kajin maƙwabta ne za su biya.

Ta fuskar addini duk ɗaya ne. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona, naka kuwa na dabbobi ne. Sai dai mazauninsa garke, ba ɗaki ba, kuma kwanon da ya lasa a wanke sau bakwai.

Inda ba na son ka yi wasa shi ne ciwon haukan kare, don bai san na gida ko na waje ba. A yi masa allura yana wata uku, sannan duk shekara. A nan ƙasar ma ana haɗa maganin allurar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. In ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi.

Ni dai na gida zan ce ka ɗauka. Nemi kwikwiyo a rugar Fulani ko wajen 'yan farauta, ka ga uwarsa da idonka tukuna. Karɓe shi yana wata biyu, ka raine shi cikin garken, mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci don kada ya saba karɓa a hannun kowa. In da hali ɗauki biyu, ɗaya bakin garke, ɗaya bayan danga.