Kaza Ta Fara Kwanci: A Bar Ta Ko A Tashe Ta?

Kazar da ta shiga kwanci ba ta ɓoyuwa. Za ta lafe a akurki, ta tayar da gashi, ta sari duk hannun da ya matso, ta kuma daina yin ƙwai.

Idan kana son kiwonka ya ƙaru, bar ta. Kazar gida tana rufe ƙwai 8 zuwa 10 da kyau, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, ba ruwanka da inji ko wutar lantarki. Ni na fi son a sa mata ƙwan zabi da damina, lokacin da zabi ke zuba, domin zabuwa ba ta iya reno ba, cikin raɓa take jan 'ya'yanta har sanyi ya kashe su. Sai dai ƙwan zabi yana kai kwana 26 zuwa 28, kuma wannan zaman yana ramar da kaza. A ajiye mata ruwa da dawa kusa, a zuba toka a makwancinta saboda ƙuma. Bayan ƙyanƙyasa ga reno na makonni, ga fargabar shirwa. Ka cire rai da ƙwanta na wata 2 ko fiye.

Tashin ta kuwa na mai bukatar ƙwai ne, ko wanda ba shi da zakara, tunda ƙwan da ba a yi barbararsa ba zaman banza za ta yi a kai. A kwashe ƙwan kullum, a mayar da ita keji mai shan iska, ba shimfiɗa, da abinci da ruwa. Cikin 'yan kwanaki kwancin zai sake ta. Tsoma ta a ruwa ko hana ta abinci zalunci ne, kada a yi.